Dan Allah me ake koyarwa a lissafin sakandare? Ƙanwata ta shiga SS1 abin ya kwance mata

Yayan Auta:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka, ya ƙoƙari ya iyali. Dan Allah malamai da duk wanda ya yi sakandare ina so a fahimtar da ni wani abu da ya tsaya min a rai. Ni a wani ƙauye nake ta wajen Ringim, noma nake yi sai ɗan saye da sayarwar hatsi ranar kasuwa, bokona a firamare ya tsaya saboda mahaifinmu ya rasu da wuri kuma ni ne babba, dole na kama gida. Toh akwai autarmu, ita muka ɗora wa rai ta yi karatun nan har ƙarshe, bana ta shiga SS1 ajin kimiyya kuma tun tana 'yar mitsitsiya ba ta da magana sai ita nas za ta zama.

Jiya aka ba su sakamakon zangon farko, sauran darussa Alhamdulillah ba laifi amma lissafi 23 ta ci cikin 100, wallahi yarinyar nan ko tuwon dare ba ta ci ba sai kuka, har Inna ta fara cewa ko a ƙyale ta ta koma ajin da babu lissafi. Na ce ta kawo littafinta na gani, ina buɗewa sai na tarar haruffa sun fi lambobi yawa, x ne y ne, wata 'yar ƙaramar lamba ta hau kan babba, wani wajen kuma an rubuta log. Ni lissafin da na sani tarawa ne da ɗebewa da sau da rabawa. Abin da ya ɗaure min kai shi ne yarinyar nan fa ta iya lissafi, in muna awo a ƙofar gida kafin na gama danna waya ta faɗa min kuɗin kwano 37 kuma ba ta kuskure. Toh ta ina aka samu matsalar?

So nake a warware min me ake koya musu tun daga ajin farko har su gama, me ya kamata na saya mata, kuma da gaske ne in ba ta ci lissafi ba ba za a ɗauke ta makarantar nas ba? Na gode, Allah ya bar zumunci.

Malamin Lissafi:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku, kai kuma Allah ya saka maka da alheri, ba kowane wa ne zai zauna ya buɗe littafin ƙanwarsa ba. Ni lissafin nake koyarwa a wata sakandaren jeka ka dawo ta wajen Gaya, shekarata 14 a kai, kuma irin ƙanwarka duk shekara sai na samu sun fi rabin aji, don haka ka kwantar da hankalinka.

Karatun shekara shida ne, uku a ƙaramar sakandare JSS1 zuwa JSS3 a rufe da jarrabawar BECE, uku a babba SS1 zuwa SS3 a rufe da WAEC da NECO. Manhajar guda ɗaya ce a duk ƙasa, hukumar NERDC ce take tsara ta, wato takardar da za a miƙa wa ɗan Legas ita za a miƙa wa ƙanwarka, babu ragi don tana ƙauye.

A ƙaramar sakandare abin da ka sani ne ake faɗaɗawa. Lambobi har miliyan da biliyan, sai firakshan wato rabi da kwata da sulusi da 'yan'uwansu, yadda ake tara su da ɗebe su da ninka su, sai desimal mai ɗigo, kashi cikin ɗari, rashiyo, riba da faɗuwa, ragi, kuɗin ruwa. A nan ne kuma ake shigo da lambobin da suke ƙasa da sifili masu alamar ɗebewa a gabansu, ni ce wa yarana nake bashi ne, in kana da 300 a aljihu ana bin ka 800 toh kai a -500 kake. Sannan a fara sa harafi a madadin lambar da ba a sani ba, shi ne x ɗin da ka gani, sunan fannin aljabara. Kar ya ba ka tsoro don kai ma kana yin sa a kasuwa. In wani ya ce maka ya sayi gero kwano 2 da dawa kwano 3 a kan 8,500, wani kuma a wajen mutum ɗaya ya sayi gero 4 da dawa 1 a kan 9,500, misali nake ba farashin kasuwa ba, ai za ka gano kuɗin kowanne. Ka ninka cinikin na farko ya zama gero 4 dawa 6 a kan 17,000, ka cire na biyu, geron ya tafi saura dawa 5 a kan 7,500, kaga kwanon dawa 1,500 na gero 2,000. Wannan shi ne saimalteniyos ikweshin na JSS3, kawai su gero x suke ce masa dawa kuma y. Ana kuma yin siffofi, kusurwa da alwatika da murabba'i da da'ira, kewayen fili da faɗinsa, abin da mazubi yake ci, da ɗan ƙididdiga.

SS1 inda take yanzu nan ne ake sauya giya. 'Yar ƙaramar lambar da ka ga ta hau kan babba indisis ake ce mata, 10 da 3 a samanta ma'anarta 10 sau 10 sau 10 wato 1,000. Shi kuma log juya tambayar ce kawai, a ce maka goma nawa za ka jera ka ninka su ba ka 1,000, amsa 3. Amfaninsa yana mayar da ninkawa ta koma tarawa, log ɗin 100 shi ne 2, na 1,000 shi ne 3, ka tara ya ba ka 5, wato 100,000. Kafin zuwan kalkuleta, da shi injiniyoyi suke ninka manyan lambobi. Akwai kuma lissafin zagaye, modula, shi ma ka san shi, in yau Alhamis ce ranar kasuwar Maigatari aka ce maka kwana 100 nan gaba wace rana ce, sai ka cire makonni 14 wato kwana 98, saura 2, Asabar kenan. Sai ƙirga da tushen da ba goma ba kamar na kwamfuta mai 0 da 1 kawai, sai set wato rukuni rukuni, sai kwadiratik ikweshin da zana shi a takardar girafi, sai tirigonometiri su sain da kos da tan, wanda da shi za ka san tsawon rimi daga inuwarsa ba tare da ka hau ba.

SS2 jerin lambobi masu ƙaruwa da tsari, AP da GP, ƙa'idojin da'ira waɗanda suka fi wahalar da yara, beyarin wato auna shiyya da digiri, lissafin yiwuwa, kamar a ce goro 10 a jaka 7 ja 3 fari ka zura hannu ba ka gani, yiwuwar ka ɗauko fari 3 cikin 10 ce. SS3 kuma sod, matiris, lissafin kasuwanci, ɗan ɗanɗanon kalkulas, da longitud da latitud wanda ni shi ne darasin da na fi jin daɗin koyarwa. Duniya tana juya digiri 360 a awa 24, wato digiri 15 duk awa, digiri ɗaya minti 4. Kano tana wajen digiri 8 da rabi ta gabas, Maiduguri tana wajen 13, shi ya sa da azumi suke riga mu shan ruwa da kusan minti 18, mu kuma mu riga Sakkwato. Makka tana kusan digiri 40, tsakaninmu 31 kenan, kaga daga inda awa biyun da ke tsakanin agogonmu da nasu ta fito. Ranar da nake wannan darasi ko na bayan aji ba ya barci.

Yanzu maganar ƙanwarka. A ganina ba log ne ya kayar da ita ba, wani rami ne aka tsallake tun JSS1 ko 2, wataƙila zangon da aka yi firakshan babu malami ko tana gida ana kaka, kuma shi lissafi ba kamar tarihi ba ne da za ka bar babi ɗaya ka kama na gaba, kowane sahu a kan na ƙasa yake zaune. Yau da daddare ka ba ta waɗannan ba kalkuleta: 1/2 a tara da 1/3, 3 a cire 8, -2 sau -5, 0.5 sau 0.2, sannan ta karanto maka jadawalin sau 7 da sau 8. Ka dawo ka faɗa mana abin da ta rubuta.

Batun nas kuwa gaskiya aka faɗa maka, sai da kiredit biyar, Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fizis, kuma kiredit daga C6 yake zuwa A1, D7 da E8 ba sa shiga. Sannan ka faɗa wa Inna babu ajin da babu lissafi, har 'yan at suna yin sa. A watan Oktoba na 2025 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta ce masu neman kwasa kwasan at ba sai da kiredit ɗinsa za a ba su gurbi ba, amma ta ce dole kowa ya zauna jarrabawar, kuma wannan sassaucin bai shafi kimiyya ba.

Maman Biyu:

Ɗan'uwa labarin nan kamar nawa ka ɗauko ka rubuta wallahi. Ni yanzu nas ce a wani ƙaramin asibiti a yankin Haɗejia amma karon farko D7 na samu a lissafi, duk sauran na ci, shekara guda na zauna a gida saboda shi kaɗai ina kallo ƙawayena suka tafi. Abin da ya fitar da ni wata makwabciyarmu ce mai NCE ta zaunar da ni ta ce mu ajiye littafin SS3 mu ɗauko na JSS1, na ji haushi sosai a lokacin na ga kamar raini ne, ashe firakshan ne ban iya ba duk tsawon shekarun nan ina ta haddace fomula a kan banza. Wata huɗu muka yi, da na sake zama C4 na samu.

Kuma ka faɗa mata ba don takarda kawai ba ne, aikin namu kullum da lissafi. Likita zai rubuta a sa wa mara lafiya ruwa mil 500 ya shiga cikin awa 4, robar ƙarin ruwan kuma ɗigo 20 ne mil ɗaya, toh ke ce za ki ninka 500 da 20 ya ba ki 10,000 ki raba da minti 240, ɗigo 42 kenan a minti, ki tsaya da agogo ki saita. Maganin yara kuma da nauyinsu ake auna shi, in kika matsar da ɗigon desimal gida ɗaya kin ba yaro ninki goma na abin da aka rubuta, ba abin wasa ba ne ko kaɗan.

Abu biyu zan ƙara a kan na Malam. Na ɗaya Turanci. Yawancinmu ba lissafin ne ba mu iya ba, tambayar ce ba mu gane ba, ni na kai SS2 ban san in an ce "product" ninkawa ake nufi ba, ni a sanina kayan sayarwa ne, haka "difference" ɗebewa ce. Ta samu ɗan littafi ta dinga rubuta irin waɗannan kalmomin da ma'anarsu da Hausa, kuma duk tambayar da aka ba ta ta fara faɗin ta da Hausa da bakinta kafin ta ɗora biro. Yarinyar da take lissafa kwano 37 a ka ba daƙiƙiya ba ce.

Na biyu kuma dan Allah kai ne babba a gidan, ka duba lokacinta. 'Ya mace in ta dawo daga makaranta ga ɗebo ruwa ga wanke wanke ga surfe ga Islamiyya, kafin ta zauna an yi isha'i ta gaji liƙis ga ba wuta. Ku yi magana da Inna a ware mata ko awa ɗaya ce bayan asuba kar kowa ya aike ta, ka saya mata 'yar fitilar sola. Lissafi da hannu ake koyon sa, ba a karanta shi a kwance kamar labari.

Dattijon Fadama:

Ni fa ina da magana a nan kuma ba don na kashe wa yaro gwiwa ba. 'Ya'yana huɗu sun gama sakandare, wanda ya fi su cin lissafin ma yanzu yana gona tare da ni a fadama, ban taɓa ganin ranar da log ko wannan sain da kos suka yi masa amfani ba. Ana cika wa yara kai da abin da ba za su taɓa aiki da shi ba, ga shi yaro ya gama bai iya faɗa maka buhun taki nawa gonarsa za ta ci ba. Sannan abin da ya fi damuna, Malam da bakinka ka ce ana koya musu kuɗin ruwa, mu Musulmi ne, ya za a zaunar da yaro ana koya masa yadda ake lissafa riba? A yi min bayani dan Allah.

Ɗan Magini:

Baba Allah ya ƙara girma, ni dai zan faɗi abin da na gani da idona. Gini nake yi a nan Wudil da kewaye, JSS3 na tsaya. Tun ina yaron magini maigidana ya koya min in za a fitar da kwanar ɗaki a ja igiya ƙafa 3 ta nan, ƙafa 4 ta can, in tsakaninsu ya ba ka ƙafa 5 cif toh kwana ta miƙe. Shi bai taɓa shiga aji ba, gadon sana'a ne. Sai da ƙanena yana bita a gabana na ji yana 3 sau 3 tara, 4 sau 4 sha shida, a haɗa 25, shi ne 5 sau 5, wai ƙa'idar Faitagoras, na ce kai wannan ai igiyarmu ce. Bambancin shi ne ni uku huɗu biyar kaɗai na sani, shi kuwa ko wane tsawo ka ba shi zai fitar maka, ranar da muka zo yanka katakon rufi shi ya lissafa min tsawon rafta tun muna ƙasa ba mu yi asarar ko falle ɗaya ba.

Haka in mai gida ya ce bulo nawa katangar nan za ta ci, tsawo sau tsayi ne ka samu murabba'in mita, kowace ɗaya tana cin bulo wajen 10. Rijiya mai faɗin baki mita 1 in ruwa ya kai zurfin mita 2, da 22 bisa 7 ɗin nan na lissafin da'ira ake gano tana ɗauke da lita wajen 1,570, jarka 60 da 'yan kai kenan. Wanda ya iya wannan shi ake ba kwangila, mu kuma mu ɗora bulo a biya mu kuɗin yini, shi ya sa na hana ƙanen nawa barin makaranta.

Malamin Lissafi:

Allah ya gafarta Baba, rabin maganarka ina tare da kai. Yaron da ya gama SS3 bai iya lissafa taki ba mu malamai muna da laifi a ciki, don abin yana cikin manhaja mu ne muke koyar da shi a bushe muna gudun kar zango ya ƙare. Hekta ɗaya mita 100 ce sau mita 100. Buhun NPK 15-15-15 mai kilo 50 ma'anar lambobin kashi 15 cikin ɗari ne na kowane sinadari, wato naitirojin ɗin da ke ciki kilo 7 da rabi ne kacal, buhun yuriya kuwa kashi 46 ne, kilo 23. Wannan darasin JSS2 ne tsaf, in da da buhun taki muke koyar da shi da babu yaron fadama da zai manta. Log kuwa gaskiya ne manomi ba zai nemi shi ba, amma a aji ɗaya akwai wanda zai je jami'ar Wudil ko BUK ya karanta injiniya, akwai mai zuwa jami'ar Dutse ko ta Kafin Hausa, kuma a SS1 ba wanda ya san waye waye.

Batun kuɗin ruwa kuma, sanin yadda abu yake daban cin sa daban. Mutum zai zo ƙauye ya ce ga rancen 100,000 ruwa kashi 5 ne kawai a wata, manomi ya ji 5 ya ga kaɗan ne. Yaron da ya yi darasin nan zai faɗa wa babansa a wata 6 dubu 30 ce ta hau, in kuma irin wanda ruwan yake haihuwa ne ta haura dubu 34, kar ka sa hannu. Ni a haka nake koyar da shi kuma ina faɗa musu hukuncinsa a addini.

Sannan Baba firakshan ɗin nan ai namu ne tun kafin boko. Zakkar hatsi ɗaya bisa goma in ruwan sama ne, ɗaya bisa ashirin in ban ruwa ne da wahala, ta kuɗi ɗaya bisa arba'in wato kashi 2.5. Rabon gado kuwa gaba ɗayansa shi ne. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da 'ya'ya maza 2 da mace 1, babu uba a raye, bayan an biya bashi da wasiyya saura 2,400,000. Mata tumuni wato ɗaya bisa takwas, uwa sudusi wato ɗaya bisa shida. Malamin zaure zai ce asalin mas'ala 24, mu a aji mu ce LCM ɗin 8 da 6, wato mafi ƙanƙantar lambar da dukansu biyu suke raba ta ba saura, shi ne 24, abu ɗaya ne sak. Mata kaso 3 wato 300,000, uwa kaso 4 wato 400,000, saura 1,700,000 a raba biyu biyu ɗaya, kowane namiji 680,000 mace 340,000, rashiyo kenan. Ita kanta kalmar aljabara Larabci ce, daga littafin Muhammad bin Musa Alkhawarizmi da ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, kuma babban ɓangare na littafin a kan lissafin gado da wasiyya yake. A ƙasar Hausa ma an yi Muhammad bin Muhammad Alfulani Alkashinawi, mutumin Katsina, wanda ya yi rubutu a kan jera lambobi a gidajen murabba'i ta yadda ko ta ina ka tara amsa ɗaya ce, ya rasu a Alƙahira a 1741. Duk shekara sai na ba yarana labarinsa.

Ɗalibi Mai Jiran JAMB:

Yaya ni bara na gama, B3 na samu, bari na faɗa maka kayan da za ka saya don kar a sa ka kashe kuɗi a banza. Masset mai kamfas da furotirakta da rula, ka duba kamfas ɗin kar ya zama mai sako sako don yana ɓata zane, sai fo figa tebur ɗan siririn littafi ne na log da sain da kos, sai littafin girafi, sai kalkuleta na kimiyya ba na shago ba kuma ba na waya ba don ba a shiga da waya, sai littafin karatu irin wanda malaminsu yake amfani da shi, ko na hannu ne ya yi. In za ka bi shawarar Anti Maman Biyu ka nemo mata aron na JSS1 da JSS2 a wajen waɗanda suka wuce. Fas kwashin, wato tambayoyin jarrabawar shekarun baya, ka bari sai ta shiga SS2 lokacin ne zai yi mata amfani.

Ita WAEC ɗin takarda biyu ce, ta zaɓin amsa tambaya 50 awa ɗaya da rabi, sai tiyori awa biyu da rabi tambaya 13 ka amsa 10, biyar na farko dole ne sauran biyar ka zaɓa cikin takwas. Abin da da yawa ba su sani ba a tiyori ana ba da maki a kan hanya ba amsa kaɗai ba, in ka jera aikinka sahu sahu ko ka yi kuskure a ƙarshe za ka tsira da wani abu, wanda ya rubuta amsa tsurarta kuwa ko daidai ce ba zai samu cikakken maki ba. Shi ne ma nake tunanin irin ƙanwarka masu lissafi a ka abin da yake cutarsu kenan, sun san amsa amma ba su saba rubuta yadda aka yi aka zo ba. A JAMB masu nas Turanci da bayoloji da kemistiri da fizis suke yi babu lissafi, amma fizis da kemistirin ai cike suke da shi. Foda mas kuma, wato darasin lissafi mai zurfi na daban, zaɓi ne ba dole ba, kar ta ɗora wa kanta yanzu.

Kuma dan Allah kar ta saurari masu cewa ta bari ranar jarrabawa za a kawo amsa, a ajinmu waɗanda suka dogara da haka su ne yanzu suke neman kuɗin sake zama.

Yayan Auta:

Jama'a na gode ƙwarai wallahi, Allah ya biya ku, ban zaci za a tsaya a yi min bayani haka ba. Malam na ba ta tambayoyin bayan isha'i. Jadawalin sau ta zubo shi kamar ruwa har sau 12. Na 3 a cire 8 da farko ta ce ba zai yiwu ba, da na ce mata bashi ne nan take ta ce -5. Na -2 sau -5 ta rubuta -10, na 0.5 sau 0.2 ta rubuta 1.0, na rabi da sulusi kuma ta rubuta 2/5. Ni dai na san rabin kwano da sulusin kwano in ka haɗa sun kusa cika kwano, 2/5 kuwa ko rabi bai kai ba, na faɗa mata haka ta yi shiru tana kallon takardar can ta ce Yaya ai kuwa haka ne. Anti mun yi magana da Inna ta yarda da maganar bayan asuba, fitilar kuma ranar Lahadi in na je Gujungu zan taho da ita. Malam ta ina za mu fara?

Malamin Lissafi:

Alhamdulillah an ga ramin, kuma ƙarami ne tunda jadawali yana kanta. Ku fara da firakshan. Ka auno gero gwangwani 6 ka ce mata wannan shi ne abu guda, ta ware rabinsa za ta samu 3, ku mayar, ta ware sulusinsa za ta samu 2, toh 3 da 2 biyar cikin shida, 5/6 kenan, sai ta rubuta da hannunta ta ga dalilin da ya sa ake neman 6 kafin a tara. Gobe ku yi da gwangwani 12, kwata da sulusi, ta gano 7/12 da kanta kar ka faɗa mata. Na 0.5 sau 0.2 amsar 0.1 ce, rabin ɗaya bisa biyar, zai zauna mata da zarar firakshan ya zauna. Na -2 sau -5 kuwa 10 ce, ka ce mata mutum biyu ne kowa yana bin ta naira 5 sai duk suka yafe, an cire mata bashi sau biyu, ta samu sauƙin naira 10 ko ba ta samu ba? Tambaya goma kullum ta ishe ta, ta rubuta kwanan wata a saman kowane shafi. Ranar Juma'a ka ɗauki hoton abin da ta yi ka turo nan zan duba mata, in ya yi kyau mako mai zuwa mu shiga indisis.